Allah Ya Isan Mutanen Liba

Juma'a, kwana sha bakwai, bayan azahar

Sauran shafukan littafin darasin aji huɗu ne nake rubutu a ciki. Mai takaba ba ta fita, ba ta ado, amma ban taɓa jin malamin da ya ce ba ta rubutu ba. In ban juye abin da ke cikina a takarda ba, a kan Inna, uwar mijina, zan juye shi, ita kuwa baiwar Allah ɗa ta rasa.

Yau Yaya Abdulwahabu ya zo daga Jega, wai gaisuwa. Ya tsaya a ƙofar ɗakina, ya yi mini ya haƙuri, ya ajiye ledar lemo, sai ya rage murya ya ce, "Zaituna, sauran kwana ashirin da biyu zaɓe. Ko kina duba min 'yan kalmomi?"

Takarar shugabancin ƙungiyar manoman albasa ta Jega da Aliero da Maiyama yake yi. Wanda yake son turewa kuwa shi ne mai gidan nan, Baba Alhaji, surukina, da ya shekara takwas a kan kujerar. Wato yayana uwa ɗaya uba ɗaya ya ratsa zauren mutum, ya durƙusa ya gaishe shi, ya shigo cikin gidansa yana neman matar ɗansa ta rubuta masa yadda zai kayar da shi. Don tun muna yara ni ke rubuta masa wasiƙa, shi ke nan na zama magatakardarsa har cikin takaba.

Na ce masa ƙasar kabarin mijina, Baban Mufida, ko bushewa ba ta yi ba. Ya ce ya sani. Bai sani ba.

Asabar, kwana sha takwas, da hantsi

Ashe abin da ake ɓoye mini ke nan.

Wata 'yar uwar Inna ta zo ta'aziyya daga Maiyama. Tana tsakar gida tana ba Inna labari da muryarta kamar ta mai tallan kifi, ta ɗauka labulena bango ne. Ta ce a Liba da Kuberi duk wanda ya wuce fangalin renon albasarsa ya gan shi wayam, sai ya kama sunan Baban Mufida ya yi masa Allah ya isa. Ta ce ranar jana'iza ma, da liman ya roƙi jama'a su yafe wa mamaci, mutanen Liba shiru suka yi, suka kakkaɓe riguna suka tafi. Har yau ba wanda ya tako gidan nan daga can.

Kwana sha takwas ina roƙa masa rahama, wasu na can suna kai ƙararsa wurin Ubangiji ɗaya. Haƙƙin mutane ba abin wasa ba ne, kowa ya san ba a yafe shi sai mai shi ya yafe.

Bari in rubuta yadda abin yake, ko don Mufida in ta girma. Bana ƙungiya ta sayo irin albasa na gwangwani daga hannun wani dillali. Baban Mufida ke riƙe da siton ƙungiya, shi ya raba. Aka yafa, iri ya ƙi fita. Mutanen Jega da Aliero da yawa suna da irin gida, suka rufa wa kansu asiri. Liba da Kuberi kuwa gaba ɗaya a kan na gwangwanin suka dogara, kafin su nemo wani lokacin dashe ya wuce. Shekara guda ta tafi. Hannun da ya miƙa musu suka gani, shi suka riƙe. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa.

Litinin, kwana ashirin, bayan la'asar

Mufida ta tambaye ni mene ne Allah ya isa. Shekararta bakwai. Wa ya faɗa a gabanta?

Talata, kwana ashirin da ɗaya, da safe

Bangon ɗakina shi ne bangon zaure, duk abin da aka faɗa can a kunnena yake sauka. Yau mutanen Baba Alhaji suka taru suna tsara abin da za su gaya wa manoma. Wani mai ƙatuwar murya ya ce, "Magana ɗaya ta. Yaron na yay yi ganganci, Alhaji bai sani ba. Tunda Allah ya karɓi abinai, a rufe zancen." Sauran suka ce haka ne, haka ne.

Na kasa kunne in ji Baba Alhaji ya tsawatar. Tari kawai ya yi.

Sun sami wanda ba zai tashi ya ƙaryata su ba, sun ɗora masa kaya. Kuma a zauren ubansa, a kan tabarmar da aka karɓi gaisuwarsa.

Ni na san abin da na sani. Ranar da gwangwanayen suka iso, Baban Mufida ya shigo da guda ɗaya, ya ƙirga ƙwaya ɗari a kan faifaina, ya naɗe su a jiƙaƙƙen tsumma ya tura ƙarƙashin randata, inda ke da sanyi. Haka kakansa ke gwada iri, ya ce. Kwana shida muka buɗe tare. Sha bakwai suka tsiro. Sha bakwai cikin ɗari. Ya ɗauki tsumman a tafin hannu ya nufi turakar Baba Alhaji. Ban ji abin da suka faɗa ba. Ya dawo bai ci tuwo ba, washegari ya buɗe sito ya fara rabo.

Laraba, kwana ashirin da biyu, da hantsi

Ba na son Laraba. Babur ɗin da Baban Mufida ya yi hatsari da shi yana nan jingine a lungu da lanƙwasasshiyar ƙafar gaba, na ce a fitar da shi sau uku.

Juma'a, kwana ashirin da huɗu, bayan la'asar

Yaya ya dawo, baki har kunne, wai in saurari waƙar da aka yi masa. Wani Kamaluddeen ne ke ja masa yaƙin neman zaɓe, ɗan gayu mai wayoyi biyu, wanda ban yi zaton ya taɓa dasa albasa ko ƙwaya ɗaya ba. Shi ya samo mawaƙin. Yaya ya kunna mini a waya. An ce ɓarawo, an ce mai ƙaton ciki, sai amshi ya zo: uba da ɗa sun cinye fadama.

Na ce ya kashe. Ya ce in bari ta kai ƙarshe. Na ce in bai kashe ba zan jefa wayar cikin randa.

Wato ɓangaren can sun ce ɗan ne shi kaɗai, ɓangaren nan sun ce har da ɗan. Kowa da ribar da zai ci a kan gawar mijina.

Na zaunar da shi kamar ɗan aji huɗu. Na ce, "Yaya, ƙuri'un Jega naka ne ko ba ka buɗe baki ba. Na Aliero na Baba Alhaji ne ko da ka kwana kana zagi. Wakilan Maiyama, har da na Liba da Kuberi a cikinsu, su ne ba su yanke ba, su za su raba gardama. To su waye su? Mutanen da suka ɗaga wa Baba Alhaji hannu sau biyu. In ka tsaya gabansu ka ce ɓarawo ne, me ka ce da su? Ka ce wawaye ne, shekara takwas ana cin su ba su gane ba. Wa ka taɓa gani ya bi wanda ya kira shi wawa?"

Ya ce, "Kamaluddeen ya ce siyasa ba wa'azi ba ce."

Na ce to Kamaluddeen ya rubuta masa. Ya tashi ya tafi da fushi, ledar lemo ma bai kawo ba wannan karon.

Lahadi, kwana ashirin da shida, bayan azahar

Inna ta kawo mini fura da kanta, ta zauna bakin gado. Ta rame. Na so in gaya mata zancen tsumman, na duba fuskarta na fasa. Mijinta ne, ɗanta ne.

Litinin, kwana ashirin da bakwai, da safe

Allah ya ƙara.

Jiya su Yaya suka ɗauki mota da lasifika suka shiga Liba suna kaɗa waƙar. Yaya da kansa ya kira ni yana ba ni labari, murya ta mutu. Ya ce jama'a sun fito, shi ya ɗauka murna ce. Sai wani dattijo, Malam Gudiya, wanda duk wakilan Liba da Kuberi ke kallon bakinsa, ya ɗaga sanda ya ce a kashe. Ya ce, "Mu munka zaɓe shi, har sau biyu. In ɓarawo na, mu mi muke? Shanu? Mun yi hasarar shekara, kun zo kuna muna kiɗi bisa kai." Ko ruwa ba a ba su ba.

Na ce, "Ka sha?" Ya ce, "Zaituna, don Allah." Na ce ai kowa ya ɗebo da zafi bakinsa.

Ban ji tausayinsa ba ko kaɗan. Abin da ya ƙona mini rai shi ne an kaɗa amshin nan a tsakiyar Liba, garin da dama ake tsine masa.

Talata, kwana ashirin da takwas, bayan azahar

Na rubuta masa. Ba don kujerarsa ba, kujerar ta ci kanta. Don shi kaɗai ne ƙafar da nake da ita zuwa Liba.

Na ce ya bar motar a Maiyama, ya bar Kamaluddeen a cikinta. Ya shiga da ƙafa, ya fara ba Malam Gudiya haƙuri. Ya ce a kai shi fangalin da iri ya ƙi, ya tsuguna ya taɓa ƙasar, ya yi shiru su su yi magana. In ya zo kan Baba Alhaji, ya fara da alherinsa, don yana da shi: shi ya hana dillalai auna albasa da buhun da ake ɗinka wa ƙari a baki, kowa ya ci moriyar wannan. Ya ce musu ba su yi kuskure ba da suka zaɓe shi, a lokacin shi ya dace. Sannan ya kawo aiki, ba mutum ba. Ina rumfunan ajiya da aka yi alkawari shekara huɗu, ga albasa na ruɓewa a rudun kara da ake zuba ta duk damina? Don me ake sayo iri ba a tara manoma an gwada a gabansu ba? Ya tambaya, kada ya ba da amsa, su ba kansu. Ya faɗi abu ɗaya da shi zai yi, ɗaya tak, kada ya yi musu alkawarin duniya.

A ƙasa na ja layi biyu na rubuta: kada sunan mamaci ya fito daga bakinka, ko da yabo.

Laraba, kwana ashirin da tara

Laraba kuma.

Juma'a, kwana talatin da ɗaya, bayan la'asar

Ya je jiya. Sun karɓe shi, har an kawo masa fura. Ya ce da ya yabi Baba Alhaji a kan zancen buhu sai ya ga kafaɗun mutane sun sauko. Ya ce da ya tambayi rumfunan ajiya su da kansu suka ɗauka suna ta faɗa, shi sai gyaɗa kai. Yana ta murna, yana cewa, "Malama, kin iya."

Sai ya ce akwai abin da Malam Gudiya ya gaya masa, bai san ko ya faɗa mini ba. Na ce ya faɗa.

Ranar Larabar da ya rasu, ashe Liba Baban Mufida ya tafi. Ni ce mini ya yi zai duba gona. Ya tara su a gindin bishiya, shi kaɗai, ya ce musu laifinsa ne, shi ya karɓi irin bai gwada ba, mahaifinsa bai san komai ba. Suka yi masa ca. Malam Gudiya ya ce shi da bakinsa ya ce masa ya tashi ya ba su wuri, Allah ya isa. Ya hau babur ya kamo hanya.

Sauran ba zan rubuta ba.

Bai gwada ba? Ni na riƙe masa faifan. Ya Allah, wane irin mutum ka ba ni, da zai je ya yi wa kansa ƙarya don ya rufa wa ubansa asiri, ya bar ni da 'ya da wannan kaya. Yau fushi nake yi da shi, Allah ya gafarta mini. Fushi nake yi da shi ƙwarai.

Asabar, kwana talatin da biyu, da hantsi

Na gaya wa Yaya zancen tsumman. Nan take ya ce shi ke nan, sun ci zaɓe, zai ce ƙanwarsa ta gani da idonta.

Ka ji mutum. Na ce wa zai yarda? Mamaci ya amsa laifi da bakinsa a gaban gari guda, sai matarsa, ƙanwar ɗan takara, ta aiko daga bayan labule ta ce ba haka ba ne? Cewa za su yi siyasa ce, su ƙara da ni a cikin tsinuwar. Mutum ɗaya ne a duniya zai iya sauke masa wannan kaya, yana nan zaune a zaure yana tari.

Litinin, kwana talatin da huɗu, bayan azahar

Na yi abin da ban taɓa yi ba shekara tara a gidan nan. Na ja mayafi na je ƙofar turakar Baba Alhaji, na durƙusa a waje na yi sallama. Tsakanina da shi gaisuwa ce kawai, ita ma kaina a ƙasa.

Na ce, "Baba, ƙarƙashin randata aka gwada irin nan."

Kaji na ta tono a bayana.

Na ce, "Baba, ana yi masa Allah ya isa, shi kuwa ba ya iya tashi ya ba da haƙuri. Don Allah ka gaya musu."

Ya ce, "Uwar Mufida, tashi ki koma ɗaki. Ki bari har bayan zaɓe."

Har bayan zaɓe. Ɗansa na kwance yana jiran a ƙirga hannuwa. Na tashi na koma ɗaki. Da ma ya zage ni, da ma ya ce ƙarya nake yi. Bai musa ba, lokaci kawai ya sa wa abin, kamar mai ɗage ranar kasuwa.

Talata, kwana talatin da biyar, da safe

Jibi Alhamis wakilai za su taru a Maiyama, 'yan takara biyu su yi magana a gabansu. Na rubuta wa Yaya abin da zai rufe da shi, layi biyar. Na karanta masa a waya.

Ya ce, "In Baba Alhaji ya ce e fa? Na janye ke nan, duk wahalar da na sha ta tafi a banza."

Na ce, "In ya ce e, kai kujera ka rasa. Ni fa?"

Ya ce Kamaluddeen ba zai yarda ba. Na ce Kamaluddeen ne ya sha nono ɗaya da ni? Na ce masa sau ɗaya a rayuwata nake roƙonsa abu, bayan duk wasiƙun da na rubuta masa kyauta. Ya ce zai yi tunani.

Na san abin da na rubuta ba shi da daɗi. Baba Alhaji tsoho ne, yana ciyar da ni da 'yata, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Na karya dokata da hannuna, ni da na ja layi biyu na ce kada a ambaci mamaci. Ban ga wata hanya ba.

Laraba, kwana talatin da shida, bayan la'asar

Ya kira. Ya ce zai faɗa. Na ce ya bar wayarsa a kunne cikin aljihu.

Alhamis, kwana talatin da bakwai, bayan la'asar

Bari in rubuta tun ban manta ba.

Na rufe ƙofa na manna waya a kunne. Baba Alhaji ya fara, ya lissafa ayyukansa, aka tafa. Da ya zo kan iri sai ya ce ƙaddara ce, an yi kuskure a sito, Allah ya jiƙan wanda ya riga mu. Na ciji mayafina.

Yaya ya tashi. Ya gaishe shi da Baba, ya yabe shi a kan buhu, ya kawo rumfunan ajiya, ya ce shi in an ba shi ba za a ƙara raba iri ba sai an gwada a gaban wakilan kowane gari. Ba zagi, ba ɗaga murya. Ina jin mutane na cewa haka ne. Da ya zo kan layi biyar ɗin, har na ɗauka ya fasa. Na ji numfashinsa a cikin wayar.

Ya ce, "Baba, ba zan ce ka yi komi ba, don ban gani ba. Ɗanka ya kwanta dama, ga mutanen Liba da Kuberi nan suna kai ƙararshi wurin Allah. Kai ɗai ka san ko ya cancanta. In shi na, ka faɗa nan gabansu cewa ɗanka bai gwada irin ga ba kuma bai gaya maka ba. Wallahi kana faɗi na janye, kujera taka ta."

Wani daga mutanen Baba Alhaji ya fara hayaniya, wai wannan cin fuska ne, na ji muryar Malam Gudiya ta ce a bari mai magana ya yi magana. Kalma ɗaya ce tsakanin Baba Alhaji da wasu shekara huɗu. In ya ce e, ya zauna daram. Ni a nan ina cewa ya Allah, ya Allah, ban ma san abin da nake roƙo ba.

Muryarsa da ta fito ban gane ta ba. Ya ce, "Ya gwada. Yaz zo min da tsumma a hannu, sha bakwai cikin ɗari. Ni nic ce mai an riga an biya, in munka maida mun ji kunya, shi raba, wataƙila ƙasa ta fi tsumma albarka. Ni na. Yaron bai da laifi."

Daga nan sai salati ko'ina. Na kashe wayar na kifa kai a kan gado.

Juma'a, kwana talatin da takwas, bayan azahar

Zaure ba kowa. Masu ƙatuwar murya duk sun ɓace, ko wanda zai share tabarma babu. Baba Alhaji bai fita masallaci da ayari ba yau, shi kaɗai ya tafi ya dawo.

Inna ta ji komai. Ba ta kawo mini fura ba, ba ta kai masa ruwa ba. Tana zaune a gindin turmi tun safe, Mufida ta kwanta a cinyarta. Ban san da wa take fushi ba, ina jin ita ma ba ta sani ba.

Na ɗauka zan ji sanyi a raina. Ban ji ba tukuna.

Asabar, kwana talatin da tara, bayan la'asar

Yaya ya ci. Ya kira yana dariya, wai Maiyama gaba ɗaya ta bi shi, wai ni ce gwanar siyasar Kabi, har Kamaluddeen na tambaya ko zan rubuta wa wani ɗan takarar kansila. Na ce ya gaya wa Kamaluddeen in motar lasifikarsa ta kuskura ta bi ta ƙofar gidan nan, ni da Yaya mun raba zumunci har abada. Ya ce haba Zaituna. Na ce ban yi don kai ba, na kashe.

Gwanar siyasa. Tsoho na tsirara a gaban jama'a, su suna ganin dabara.

Lahadi, kwana arba'in, bayan la'asar

An yi sadakar arba'in da safe. Mutane ba su kai na ranar uku ba. Ana shirin shafa fatiha sai na ji sallamar baƙi da yawa a ƙofar gida, na leƙa ta jikin labule na ga takalma duk ƙurar tafiya. Mutanen Liba da Kuberi ne, sun fi ashirin.

Malam Gudiya ya yi magana da ƙarfi, ina jin da gangan ya ɗaga murya don ta ratsa bangon. Ya ce, "A gaya ma mai takaba mun zo gaisuwa, mun makara. Abin da munka faɗa bisa yaron ga mun janye shi, mu da iyalanmu. Mun yafe mai duniya da lahira. Mu munka kore shi ranar nan, Allah shi yafe muna." Suka ce amin gaba ɗaya. Suka yi masa addu'a mai tsawo, suka kama sunansa sau uku, wannan karon da rahama.

Na yi kukan da ban yi ba tun ranar farko. Inna ta shigo ta rungume ni, muka yi tare.

Ba wanda ya ce wa Baba Alhaji an yafe masa. Sun gaishe shi, sun yi masa ya haƙuri, sun tashi.

Bayan azahar gida ya yi tsit, sai na ji takun sanda ya tsaya a ƙofar ɗakina. Tunda aka kawo ni gidan nan bai taɓa zuwa ƙofar nan ba. Na ja mayafi na durƙusa a ciki, labule a tsakaninmu. Na shirya jin ya ce in tattara kayana ranar da takaba ta ƙare.

Ya ce, "Uwar Mufida, ke kinka rubuta mai?"

Na ce, "Ni ce, Baba."

Ya ce, "To." Ya daɗe a tsaye, ina ganin ƙafafunsa ta ƙarƙashin labule, duk sun kumbura. Sannan ya ce, "Su sun yafe mai, alhamdu lillahi. Ni fa, wa ka zuwa shi roƙam min yaron shi yafe min?"

Kwana ashirin da uku ina da amsar kowa a gidan nan da wajensa. Na buɗe baki, ban sami komai ba. Ya jira kaɗan, ya juya, na ji sandar tana tafiya a hankali har zaure.